Fuskokin Kure Uku

Hannatu 'yar Kagoro ce, amma unguwarmu ta Ogui ta fi garinsu saninta. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana gyaran hoto a ɗan shagon da ke jikin nawa na ɗinki. Wayoyin zamani in aka buɗe musu ido don su kwashe taro gaba ɗaya, a kan na gefe suke hucewa: kai ya miƙe kamar gwanda, bango ya lanƙwashe. Hannatu ce za ta zauna gaban kwamfuta, ta ja nan ta matse can, har mutum ya dawo yadda Allah ya yi shi. Ni ma ta taɓa rage min kumatu, ban kuma yi gardama ba.

Mijinta Kure direban keke mai ƙafa uku ne, dogo mai dogon hannu, don haka duk taron coci ko na suna shi ake miƙa wa waya. Kowa ya fito tsaf a bayansa, shi kuwa yana can kusurwa da hanci kamar doya. Wata Talata ya yanke jiki ya faɗi a bakin famfo. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

Ana bukatar hotonsa na takardar jana'iza. Na aurensu ruwan sama ya cinye tun a gidan haya na farko. A wayoyi an samu sama da ɗari biyu, babu ko ɗaya da fuskarsa take daidai.

Hannatu ba ta yi kuka ba. Kwana biyu tana zuwa shago kamar kullum. Na kai mata abinci, ya huce a inda na ajiye. Tausayi ya kama ni, har da ɗan haushi.

"Maman Haidar," ta ce min, idonta a kan kwamfuta, "bango da sauƙi, na san a miƙe yake. Fuska fa, da me zan gwada?"

Ta fitar da hotuna uku da ta gyara, kowane da faɗin fuskarsa, ta jera a kan tebur. Surukarta da ta iso daga gida ta ɗora yatsa a na farko.

"Ga ɗana."

Jemimah, babbar 'yarsu, ta girgiza kai, ta nuna na uku. "Kaka, no be am. Ga Daddy nan."

Suka juyo suna jiran Hannatu, matar da ta yi shekara goma sha tara da shi a ɗaki ɗaya. Ta daɗe tana kallo. Mai buga takarda ya kira a waya, ta ɗauka ta ce, "Na tsakiya."

Da suka fita na ce, "Shi ya fi kama da shi ko?"

"Ban sani ba," ta ce. "Tun shekaranjiya nake rufe ido in gan shi, mai hancin nan kawai nake gani."