Ƙwaryar Garin Yaya Hamisu

Bana shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar Yaya Hamisu, kuma akwai maganar da har yau ban faɗa wa kowa ba.

Yayana ne ciki ɗaya, malamin kimiyya a wata sakandare a Dutse tun sabuwar jiha. Duk ranar da zai koyar da yadda duniyoyi suka samu, ni nake ɗebo masa garin gero a ƙwarya. Sai ya yayyafa ruwa, ya riƙa juya ta a hankali. "Duba nan, Ladi. Lokacin da rana take sabuwa, ƙura da iska ne suke kewaya ta. Ƙwaya ta manne wa ƙwaya, gudaji ya samu. Da ya yi nauyi sai ya janyo na kusa da shi, babba yana haɗiye ƙarami, har a sami duniya. Ikon Allah ke nan."

Ni kuwa bakina ba ya ajiye magana. Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, mun je bikin suna a Ringim, mata suna cura fura, na ce don a yi dariya, "Ai Yayana ya ce duniya ma haka ta cure kanta." Ikon Allahn da yake rufewa da shi, wallahi a gida na baro shi. Aka kwashe da dariya. Wata tsohuwa ba ta yi ba.

Kafin wata guda maganar ta iso Dutse, ta yi ƙiba. Wai Malam Hamisu ya ce babu wanda ya halicci duniya. Mai shayi ya daina amsa sallamarsa. A masallaci sai sahu ya buɗe ta gefensa. Dattawan unguwa suka kira shi, ya je da ƙwaryarsa, liman ya saurara tsaf ya ce bai ga laifi ba. To, wa ya ji liman? Iyaye suka ci gaba da janye 'ya'yansu. Ya ajiye alli ya koma gona a Buji, inda ciwo ya ɗauke shi bayan shekara uku.

Ranar da zai bar Dutse ya tambaye ni, "Ladi, don Allah wa ya fara maganar nan?" Na ce ban sani ba.

Kwanaki 'yata ta nuna min hoto a waya, sabon tauraro da zoben ƙura kewaye da shi, tamkar ƙwaryar Yaya. Da yana nan da ya yi murna har da hawaye. Amma da ya ji tsoro ma, don abin da ya ci wata guda a zamaninmu, yanzu wayar nan tana cure shi kafin la'asar. Jiya aka turo min saƙo a kan wani malami, wai ya faɗi kaza. Ban san shi ba. Ina tunanin shi ma yana da ƙanwa.

Ƙwaryar tana ɗakina, ba na dama komai a cikinta. Allah Ya jiƙanka, Yaya. Tambayar da ka yi min, na san amsarta tun ranar. Ni ce.