Majanyi a Wuyan Karya

Ni ba mai son kare ba ce. Na faɗi wannan tun farko don kada wani ya ji labarin nan ya ɗauka zuciyata taushi gare ta. Har yau kare bai taɓa ƙetare zauren gidana ba, kuma in ya sa baki a ƙwaryata sai na wanke ta da ƙasa yadda malamai suka ce, ko in fasa ta in huta.

Shekarar da aka ce Turawa za su miƙa mulki su tafi, ina zaune Tambuwal gidan surukata. Mijina ya rasu, na gama takaba, amma ban koma gidanmu ba don tsohuwar ba ta da mai ɗebo mata ruwa. Ɗiyata guda tana wurin gwaggonta riƙo tun da aka yaye ta. Daddawa nike yi in kai kasuwa.

Bayan danganmu akwai tsamiya, a gindinta kuma wata karya take kwana. Ja ce, irin jan ƙasar jigawa, kunnenta ɗaya a karye. Ba wanda ya san daga inda ta fito. Wasu sun ce mafarauta suka bar ta, wasu sun ce ta biyo ayarin jakai ne ta gaji. Ban taɓa jin ta yi haushi ba. In na kankare tukunya sai in jefa mata ƙanzon ta bisa danga, don zubar da abinci ba kyau. Takan jira sai na juya baya sannan ta ci. Ta ƙofar kara nike kallonta, ita ma ta nan take kallona, kowa na tsaron kowa. Ranar kasuwa ta biyo ni daga nesa, ta kwanta bayan rumfa inda inuwa ta ƙare.

A nan wata Baturiya ta gan ta. Matar baturen rijiya ce, wanda ya zo da ma'aikata suna gina rijiyoyin siminti a ƙauyuka, suka sauka bariki. Tana yawo da malafa mai faɗin faifai, tana sayen tabarmi da kwanduna na tsarabar komawa gida. Hausarta kamar mai tafiya bisa ƙaya, ta taka nan ta ɗaga can, amma ana ganewa.

Ta nuna karyar ta ce, "Taki ce?"

Na ce, "Ta Allah ce."

Sai ta tsuguna gaban faifaina, duk da warin daddawa da ke korar ire-irensu, ta ce a ƙasarsu akwai mata da ke bin lunguna suna tattara karnuka da kyanwoyi marasa iyayengiji. Ba hukuma ta sa su ba, ba kuma wanda ke biyansu. Suna da gida guda inda suke ajiye su, su wanke su, su yi musu magani. Sai mutum ya taso daga wani gari ya zo ya duba, ya ce wannan ya kwanta mini, ya tafi da shi ya zama ɗan gida.

Mai furar da ke kusa da ni ta ajiye ludayi ta ce, "La ilaha! Ashe a Turai kare ma gwaggo gare shi? Riƙo ke nan fa. To in karyar ta isa aure wa ka yi mata kayan ɗaki?"

Rumfa duka ta ɗauki dariya, har Baturiyar, ko da yake ban ce ta gane ba. Ni dai ban yi dariya ba. Na ja faifaina don gefen rigarta na son shiga ciki.

Amma maganar ta biyo ni gida. Dafa kalwa aiki ne na zama, tukunya na tafasa tun hantsi har rana ta karkata, kai kuwa ba abin da za ka yi sai tura itace. A cikin tururin nan nike ganin gidan karnukan da Baturiyar ta faɗi. Bayan wani ruwa yake wanda ba a hango ɗaya gaɓar. Dogo ne kamar bariki, ƙofofinsa a buɗe, hazo na shiga ta wannan ya fita ta waccan. Kyanwoyi, mu nan mussa muke ce musu, sun jeru bisa taga kamar tuluna a bakin rijiya. Karnukan kuwa tabarmi na shimfiɗa musu, don ban san bisa mi suke kwana can ba. Matan na yawo tsakaninsu ba a jin takunsu, kowace da akushi a hannu. Wani lokaci sai in ga mai furar nan cikinsu sanye da malafa. Sai wuta ta ci ta kusa ƙafata in farka in tura itace.

Ana cikin haka, ƙarshen damina, gero ya fara sunkuyar da kai, aka ce mahaukacin kare ya ciji mutum wajen Sanyinna. Mai shela ya zaga unguwanni da gangarsa: duk mai kare ya ɗaura masa igiya a wuya, don bayan Juma'a 'yan doka za su bi gari, karen da aka samu wuyansa wayam ba shi da mai shi, kashe shi za a yi.

Na leƙa ta ƙofar kara. Tana kwance ta ɗora haɓa bisa ƙafafunta, tsamiya na zubo mata ƙananan ganye a baya.

Da safe na nufi bariki, wurin da ban taɓa takawa ba. Na tarar ana ɗora akwatuna bisa babbar mota. Baturiyar na tsaye rungume da kwando mai murfi, mussa na kuka a ciki. Na ce mata ga karya, ta tafi da ita gidan nan da ta ba mu labari. Ta ce jirgin ruwa ba zai karɓa ba, wannan ɗin ma da ƙyar. Idanunta suka kawo ruwa, abin da ban so ba, don hawaye ba ya ɗaura igiya. Ta ce, "Ki samo mata gida." Na juyo.

Surukata na zaune tana kaɗi na faɗa mata zan ɗaura wa karyar igiya. Ta tsayar da mazari.

"In kin ɗaura ta zama taki. In ta zama taki ta zama ta gidan ga. Ni da ƙafata guda ke cikin kabari za ki korar mini mala'iku?"

"Inna, waje take kwana."

"Waje take kwana yau. Mai garke da mai gona da mai farauta aka yarje wa ajiye kare. Ke mi kika tsaro, warin daddawa? Shi wannan ko ɓarawo ba ya kusantarsa."

Gaskiya ta faɗa, ban ja da ita ba. Amma da ta ce mai garke sai ƙanena ya faɗo mini a rai. Yana Fakku, can ƙasar Kebbe, yana noma yana kuma da 'yan shanu, kuma zuwansa na ƙarshe ya yi kukan kura ta dame shi. Na ce wa tsohuwa zan je gaishe shi, na roƙi maƙwabciya ta riƙa leƙo ta.

Igiyar gidan duka ta akuya ce da ta guga, ba mai ba ni ita don kare. Na buɗe adudu na ciro majanyin da na goyi ɗiyata da shi, saƙi baƙi mai ratsin fari, na yage gefe guda. Na zuba ƙanzo da ɗan romo a kasko na zagaya bayan danga. Ba a taɓa taɓa ta ba, ni ma ban taɓa taɓa irinta ba. Na tsuguna na juya mata baya yadda ta saba, sai da na ji tana lasa sannan na miƙa hannu ta gefe, na zagaya ƙyallen na ƙulla, ina kauce wa bakinta. Jikinta na rawa kamar fatar ganga, amma ba ta tashi ba. Wuyanta ɗumi gare shi. Na je na wanke hannu har gwiwa.

Na bi wasu fatake masu jakai da za su kasuwar Kebbe. Na yi zaton tunda na ɗaura mata abu sai in ja ta kamar tunkiya, na ƙara tsawon ƙyallen da zare. Ta kafe ƙafafu ta kwanta tsakiyar hanya, fataken na ta dariya. Na tsinke zaren na ce ta yi yadda ta ga dama, na ɗauki kayana. Da muka fita gari na waiwaya, ga ta can baya, nisan da take bari tsakaninmu ranar kasuwa.

Tafiyar nan yanzu kamar a mafarki na yi ta. Dawa ta fi mutum tsawo hagu da dama, hanya ta zama siririya, ba ka ganin komi sai kunnuwan jaki da sama. Raɓa ta jiƙa zane har ƙugu. Balbelu na tashi daga fadama su sauka gaba, mu isa su sake tashi. In rana ta take iska na rawa bisa yashi, karyar ta ɓace a cikinta, sai baƙin ƙyallen kaɗai nike gani yana tafe shi ɗaya. Inda muka yada zango ta kwanta bayan gari, da safe in same ta bakin hanya.

A gulbi ne na ɗauka ta ƙare. Ruwa ya cika, ja wur, yana tafe da rassa. Mai fito ya ce jaki ya yarda, mutum ya yarda, kare kam ba cikin jirginsa ba, don a nan yake salla.

Na ce, "Baba, ko can ƙarshe ta kwanta?"

Ya ce, "Ɗiyata, in kina son ta ki goya ta, na ga har majanyi kin kawo."

Ko ya yarda ma ba za ta shiga ba, na sani. Muka tura. Tana tsaye bakin gaɓa tana ƙanƙancewa. Ban kira ta ba, don ban sa mata suna ba, kuma ba zan buɗe baki gaban maza in kira kare ba. Mun kai tsakiya wani bafatake ya nuna da sanda. Kai kaɗai ke bisa ruwa, da kunnen nan karyayye, ƙyallen na biye kamar wutsiyar kifi. Ruwa na jan ta ƙasa-ƙasa, tana yanko shi a karkace. Mai fito ya ce akwai kada wajen nan, na ce ya ja bakinsa ya yi tuƙi. A lokacin sai na ga kamar wannan ne ruwan da ba a hango gaɓarsa, kamar in muka sauka dogon gidan ne zai tarbe mu da ƙofofinsa a buɗe. Muka sauka, ba komi sai laka da sawun shanu. Can ƙasa da mu, cikin ciyawa, ta fito ta girgiza jiki.

Ƙanena na gyaran turke muka isa. Bayan gaisuwa ya dubi bayana.

"Adda, wagga fa? Tsarabar Tambuwal ke nan? Wasu goro aka kawo musu."

"Riƙo na kawo maka."

Ya yi dariya har ya zauna bisa turmi. Da ya ga fuskata ba ta motsa ba ya bari. Na ba shi labarin shela. Ya ce, "Adda, kare ba a ba da shi kamar akuya. In ta zauna da garke tawa ce, zan ba ta tsaki da nono. In ta bi ki, to ke ta zaɓa, ba ni da igiyar da za ta riƙe ta."

In ta bi ni kuwa, gidan surukata ba masauki, ƙyalle kuma ba ya hana a gane karen da ba shi da gida.

Na yi kwanaki can ban ba ta ko loma da hannuna ba. Na sa matar ƙanena ta riƙa kai mata kasko kusa da maruƙa. Ranar farko ta ƙi ci, tana kallon ƙofar ɗakin da na sauka. Na zauna ciki ina tsinkar zogale, ina ganinta ta tsagar asabari. Daga baya ta ci. Wata rana da hantsi na ga wani ɗan maraƙi ya miƙa hanci yana shinshinar ƙyallen, ita kuwa ta lumshe ido.

Mu nan in uwa ta kai ɗa riƙo ba ta sallama da shi. Sai ta bari hankalinsa na wani wuri ta sulale, ba ta kiran sunansa, ba ta waiwaye. Haka na yi da ɗiyata tana wasa da 'yar tsana ta kara a tsakar gidan gwaggonta. Da aka kora shanu kiwo karyar ta bi su da ido, na ɗora kayana na fita ta bayan rumbu.

Duk hanya kunnena na baya. Ganye ya motsa in ce ita ce, ƙadangare ya ruga in ce ita ce, wuyana ya yi tsami don riƙe shi da na yi. Sai da na zauna cikin jirgi, mai fito ya tura, sannan na juya. Gaɓa ba kowa sai wata balbela tsaye da ƙafa guda.

Mai fito ya ce, "Ina goyon naki?"

Na ce, "Ta samu gida. Yi tuƙinka, Baba, rana na yi."