Hannun Baba Sosa

Tela yana zaune a benci, yana jiran murfin gefen babur ɗinsa da ya tsage, idonsa a kan mai gyaran da ake kira Baba Sosa. Dogo ne siriri, ba ya minti guda bai soshi damtsensa da gindin almakashi ba. Ya huda ɗan rami a ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, ya kife robar, ya yanko farar faiba, saƙar zaren gilashin nan mai sa ƙaiƙayi, kamar yadin labule, ya shimfiɗa daga ciki, yana danna mata gam da buroshi. Ashe shi ma faci yake yi, in ji tela a ransa, sai dai nasa yadin cizo yake.

Duk wanda ya miƙo masa hannu, gwiwar hannu yake ba shi. "Yi haƙuri, ɗan'uwa. In na taɓa ka, kai da susa sai gobe."

Can sai ga wata 'yar yarinya da jakar makaranta ta sheƙo a guje tana "Baba! Baba!" Baba Sosa ya ɗaga hannuwansa sama kamar wanda aka tsare da bindiga. Ita kuma ta ja birki dab da shi, ta mai da hannuwanta baya, ta miƙo goshi. Ya sunkuya ya ɗora nasa goshin a kan nata.

"Wuce gida, uwata, gam zai daskare."

Da gani ba yau suka fara ba. Tela ya tsaya yana tunanin yaushe rabon mutumin nan da ya ɗauki 'yarsa.