Shirun Maman Kwaya

Maman Kwaya ake ce mata, wato uwar mawaƙan coci, ko a kasuwa inda take sayar da zare da maɓallai. Cocinsu ba shi da molo ko ganga, don haka duk waƙar da za a yi, ita ke fara ɗauko muryar, jama'a su bi. Tun tana amarya take wannan aikin, har furfura ta fito mata.

Mijinta kafinta ne, mutum mai son a ce da shi sannu. Da aka naɗa shi dattijon ikilisiya, sai kansa ya kumbura. A taron dattawa na farko ya miƙe ya kawo aya, ya ce miji shi ne shugaban mace, kuma bai kamata mace ta tsaya gaban maza tana kaɗa musu hannu ba. Matarsa yake nufi, kowa ya gane. Aka sauke ta, aka ba shi jagorancin waƙa, shi da muryarsa kamar zarto a kan katako.

Abin ya ci mata rai ƙwarai. Amma kowace Lahadi tana zama a bencin gaba, ta ɗan yi masa gunjin farkon waƙa a hanci, ya kama, a yaba masa. Ko sau ɗaya bai gode ba. Ita kuwa jira take, kuma ta riga ta zaɓi ranarta.

Ranar ɗaurin auren autarsu coci ya cika, har da dangin ango daga nesa. Kafinta ya fito cikin sabuwar kwat, ya ɗaga hannu, ya saci kallon bencin gaba. Ta dube shi ido cikin ido, ta rufe bakinta gam.

Ya yi gyaran murya, ya sake. Daga ƙarshe ya fara shi kaɗai, can sama inda ba mai iya kaiwa. Mata suka bi shi da ƙyar, maza suka sare a layi na biyu, waƙar ta mutu a tsakiya. Wani daga dangin ango ya tuntsire da dariya. Zufa ta jiƙa wa kafinta wuyan riga.

Amarya ta juyo cikin mayafinta, idonta cike da hawaye. "Mama, don Allah," ta ce a hankali.

Nan ne ya yi wa Maman Kwaya zafi, don tana son yarinyar nan kamar ranta. Duk da haka ba ta buɗe baki ba.

Bayan an tashi, fasto ya same ta a bakin ƙofa. "Mama, ki dawo ki ja mana waƙa mako mai zuwa."

"Ai ba ni da ta cewa, Fasto, ina da shugaba," ta ce. "Inda ya tsaya ya sauke ni, can zai tsaya ya roƙe ni, a gaban mutanen da suka ji."

Ta wuce ta gyara wa 'yarta mayafi. Yarinyar ta kawar da kai.