Mayafin Kwalba a Tagar Hajiya

Da ƙarfe goma da kwata na safiyar wata Talata guntun kwalba na farko ya faɗo. Ina cikin aji wayata ta yi ta rawa a jaka, ban ɗauka ba sai da malami ya fita. Hajiya ce, mai shagon ɗinki a Kwanar Dangora, wadda ake ɗinka tambarinta a wuyan kowace riga.

"'Yar nan, abin naki ya fara zuba," ta ce, ta kashe waya.

Abin nawa mayafi ne, amma na kwalba. Tun ina sakandare nake tsintar fasassun kwalabe a bakin ruwan Tiga, koraye na lemo, shuɗaye na turare, masu ruwan ƙasa na magani. Nakan goga gefensu a dutse da yashi da ruwa har su daina yanka. Gwaggona ce ta nuna wa Hajiya hotonsu lokacin da Hajiyar ta sa wa shagonta babbar tagar gilashi, tana neman abin da zai sa matafiya su waiwayo. Wani mai haɗa tagogi a Bebeji ya huda min su ɗaya bayan ɗaya, na rataye su da zaren masunta, irin wanda ido ba ya gani. Daga titi sai ka ce iska ce ta ɗaga mayafi a saman rigunan. Kafin wannan, duk abin da na taɓa yi a ƙarƙashin gadon Inna yake ƙarewa.

Da aka tashi na hau mashin na je. Na ɗauka ƙulli ne ya kwance, na sake ɗaurewa. Washegari biyu suka faɗo. Ranar Alhamis ɗaya ya tarwatse kusa da ƙafar wata amarya da ta cire takalmi za ta gwada riga.

"Kin ga, ni ba na son jini a shagona," in ji Hajiya. "Idan wani ya ƙara faɗowa, a sauke shi gaba ɗaya."

Na ce to.

A gida na rataya dutsen da ya fi kowane guntu nauyi da ragowar zaren, ya kwana ya wuni bai tsinke ba. Na zargi tirelolin da ke girgiza ginin in sun wuce. Na zargi ramukan, na bi su da yatsa ko akwai kaifi, babu. Abinci ya daina shiga. In na buɗe littafi, ƙarar fashewa kawai nake ji.

Telolin kuwa sun samu abin yi. "Ga injiniyar kwalba nan!" in ji babbarsu. "Ko aljanun Tiga ne suka biyo kayansu?"

Ranar Asabar na riga kowa zuwa, na zauna a bencin mai shayi har aka buɗe. Ban taɓa ganin shagon da safe ba, kullum sai bayan lacca nake zuwa. Babbar telar ta yi shara, ta karɓo garwashi a kasko wurin mai shayin, ta barbaɗa turaren wuta, ta tura kaskon cikin tagar a ƙarƙashin rigunan, ta ja labulen baya don hayaƙin ya kama yadi sosai. Haka Inna take turara kayanmu, haka kowace mace da na sani take yi, amma ban taɓa kawo shi a raina ba. Kaskon yana daidai ƙasan jelar mayafin, inda ya fi saukowa, inda duk guntayen suka faɗo. Na tuna bakin zaren da ya tsinke, yadda ya dunƙule kamar kan ashana.

Na leƙa. Wani shuɗin guntu yana juyawa a hankali, zarensa yana miƙewa.

"Anti, don Allah kaskon," na ce, amma keken ɗinki ya cinye muryata. Sai na shiga tagar da kaina, na kama kaskon da bakin hijabina, na fito da shi. Zafin ya ratsa yadin har tafin hannuna. A bakin ƙofa na yi kiciɓis da Hajiya tana saukowa daga mota.

"Ikon Allah. Ina za ki da turarena?"

Na gaishe ta, kasko a hannu. Na yi bayani ina kallon takalminta: zafi ne yake cin zaren, in za a riƙa turara kayan a ciki, ba abin da zai ƙara faɗowa.

"A ciki?" Babbar telar ta kwashe da dariya. "Hajiya, wai mu bar rigunan taga ba ƙamshi saboda kwalaben bola."

Wayar Hajiya ta yi ƙara, ta shige. Masu karɓar ɗinki suka fara zuwa, aka shiga cinikin leshi da rigimar hannun riga da bai zauna ba. Na ajiye kaskon a waje na zauna a gefe, tafina yana zugi, hijabina da huda. Duk wanda ya doshi tagar sai in bi shi da ido, ina jiran a ce ɗauko tsani. Sau biyu na miƙe zan yi magana, na koma na zauna.

Sai da aka kira azahar shagon ya yi sauƙi. Na matsa kusa da teburinta, na durƙusa.

"Hajiya, a sauke ne?"

Ta kama hannuna ta juya, ta dubi ƙunar, sannan ta daɗe tana duban tagar.

"Turare ba zai bar tagar nan ba, 'yar nan. Ya riga ki zuwa shagon, kuma shi yake sayar min da kaya. Ki kwance abinki yau da hannunki, kada telolin nan su taɓa miki. Ki nemo abin da wuta ba ta ci, ko wayar ƙarfe ce, ki dawo ki mayar min da shi yadda yake. Masu mota sun fara tambayarsa."