Wakili da Motar Oga Farouk

Wakili mutumin wani ƙauye ne a bayan Kwali, manomin doya tun tasowarsa. Sai da gwiwa ta fara ƙin hawa kunya ya shigo unguwar Gudu aikin gadi. Ubangidansa, Oga Farouk, ma'aikacin gwamnati ne. Da aka tura shi aiki ƙasar waje ya ba da gidan haya, amma ya bar motarsa a ƙarƙashin rumfa, ya bar Wakili a ɗakin bakin get ya kula da ita. Sharaɗin ba ɓoye-ɓoye: muddin mota na nan, Wakili na nan. Ranar da ta fita, shi ma sai ya naɗe tabarmarsa.

Bai iya tuƙi ba, kuma abin bai taɓa damunsa ba. Nasa shi ne ya tayar da ita da sassafe, ya taka totur har tantabarun unguwa su watse, ya kashe, ya goge ta, ya lulluɓe ta da tamfol kamar mai jego.

Wadda ta kama hayar, Hajiya Barira, tun makon farko ta tsani motar, daga baya ta haɗa da mai gadinta. Tata motar a fili take wuni rana na gasa ta, hayaƙin ta Oga kuma tagar kicin ɗinta yake nufa.

"Baba Wakili, wannan gawar yaushe za a kai ta makwancinta?"

"Hajiya, motar Oga ba gawa ba ne. Shi yana hutawa."

"Kai ma na ga hutun kake."

"Ni aiki nake, Hajiya. Rana ne yake damun wasu."

Daga nan gaisuwa ta mutu. In ta dawo ta yi hon, sai ya tsaya neman silifa kafin ya buɗe get.

Da damina ta sauka, ɓeraye suka samu masauki a motar, suka fara da soson kujera. Wakili bai kai ƙara wurin kowa ba. Ya san ɓera, ya san rumbu, mota kuwa a wurinsa rumbu ce mai taya. Ya aika gida aka kawo masa busasshen barkono irin mai hawa kai, ya daka da toka, ya bi duk ramin da ɓera zai iya shiga ya ɗura. Ramukan da suka fi ba shi sha'awa su ne ƙananan tagogin nan na gaba, inda iskar sanyi ke fitowa. Ya cika su taf.

Hajiya dai ta ga ɓera ya fito daga rumfa da rana tsaka, ta samu abin da take nema. Ta kira Nazir, ƙanen Oga Farouk, ta ce ko a ɗauke motar ko ta kwashe kayanta.

Ranar Asabar Nazir ya iso cikin farar shadda. Wakili ya miƙa masa mukulli da hannu biyu, yana tunanin kunyar doya da gwiwarsa.

"Oga ƙarami, in ka shiga kar ka taɓa..."

"Ba a tambaye ka ba," in ji Hajiya.

Wakili ya koma gefe. Nazir ya zauna ya tayar da mota, Hajiya ta zura kai ta taga tana nuna masa inda ɓera ya ci. Ciki kamar tanda, don haka ya murɗa na'urar sanyi har ƙarshe. Jan gari ya feso musu a fuska.

Nazir da rarrafe ya fito, hula a ƙasa, shadda ta koma kamar an yi yanka a kanta. Hajiya na son yin zagi, atishawa na ƙwace mata kowace kalma a rabi. Wakili ya kawo ruwa a buta, ya tsaya nesa kaɗan.

Da idon Nazir ya buɗe ya ce, "Baba, me ka zuba a motar nan?"

"Maganin ɓera, Oga ƙarami. Tun da na zuba ko ɗaya bai kwana ciki ba."

"To ina suka koma?"

Wakili ya dubi gidan Hajiya, ya dubi ƙasa.

Nazir ya wurga masa mukullin. "Ba mai sake shiga motar nan sai mai ita ya dawo ya shaƙi abinsa." Ya ɗauki hularsa ya fice yana tari.

"Zan kira Farouk da kaina," in ji Hajiya, ido jajur.

"Ki gaishe shi, Hajiya. Ki ce motarsa yana lafiya."