Tafasar Mama Saloma da Injin Dominic

Kun taɓa ganin babbar mace tana kuka saboda ciyawa? To ku zo Manga ta ƙasar Zuru ku ji labarin Mama Saloma.

Matar soja ce, mijin ya tafi bakin daga bai dawo ba, 'yan'uwansa suka karɓe gona, aka bar ta da jikoki biyu da fartanya. Amma ba ta taɓa roƙon kowa ba. Don a nan tun kaka da kakanni duk ganyen da ya fito da kansa tsakanin kunyoyin dawa, tafasa ne, lalo ne, karkashi ne, ba na mai gona ba ne, na wadda ta duƙa ta tsinka ne. Da damina ta yi wa mutane noma ta dawo da ganye cike da zani, ta shanya, wani ta kai kasuwar Zuru, sauran ya kai su har rani.

Sai Dominic ya gama jami'a ya dawo injiniya. Yaron kirki, ita ma ta goya shi yana jariri. Ya haɗa injin feshin maganin ciyawa a bayan babur, gonar da mata goma ke wuni suna nomewa shi kafin rana ta yi zafi ya gama. Har a coci aka sa masa albarka.

Daminar nan ba wanda ya kira ta noma. Ta ce ba komai ai ganye na nan. Ta shiga gona, dawa kawai tsaye, ƙasa duk ta ƙone jawur. Gona bakwai ta zaga ta dawo da zani wayam, sai ta wuce gidan su Dominic tana kuka.

"Dominic ɗana, mi tafasa ta yi maka?"

Ya yi dariya. "Mama ai ciyawa ce."

"Ciyawa? Ita ka sha da tuwo har ka yi wannan ƙaton kan!"

Dariyar ta tsaya. Ya ce shekara biyar yana karatu, an koya musu awon magani da ƙarfin inji, ko sau ɗaya ba malamin da ya tambaya wa ke cin abin da ke ƙarƙashin dawa. Ya ce zai daina. Ta ce ka daina mi, mutum huɗu sun riga sun kwaikwayi injinka.

Yanzu ganye sai can cikin daji ta hanyar Bena inda 'yan bindiga suke. Jikokin tuwo suke ci da ruwan barkono. Jiya da safe ta ɗauki buhu ta nufi can, mata na riƙe ta suna Mama kar ki je, ta fizge ta ce to su ci mi? Har yanzu ba ta dawo ba.

Don Allah duk wanda ya karanta ya tura gaba, ko zai kai ga masu koyar da injiniyoyin nan.